Maganin da Ke Kwaikwayon Kalsiyam da Tasirinsa a Ƙoda

Wani ɗan'uwa wanda mahaifinsa ke zuwa wankin ƙoda ya rubuto yana tambaya game da sinakalset, wanda ake sayarwa da sunan Mimpara ko Sensipar, domin tun da tsohon ya fara shansa leɓunansa ke yin zugi, yatsunsa kuma na ƙandarewa da daddare.

Ya ɗan'uwa, asalin mas'alar shi ne, idan ƙoda ta gaza, fosfat ya taru cikin jini, kalsiyam kuma ya ragu, sai waɗansu ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke wurin maƙoshi, kowacce kamar ƙwayar shinkafa, su yi ta kwararo sinadarin da ke tatso kalsiyam daga ƙashi, har ƙashin dattijo ya zama tamkar busasshen kara. Su waɗannan gaɓoɓi suna da wata kafa ta jin yawan kalsiyam, wadda Edward Brown da abokan aikinsa suka gano asalinta a 1993. Shi kuwa wannan magani, wanda Amurka ta halatta a 2004, aikinsa ƙara wa kafar nan kaifin ji ne, har gaɓoɓin su zaci kalsiyam ya wadata, su sassauta.

Amma abin da ya fi jan hankalina, kuma Allah ya sani ina mamakin hikimarsa, shi ne ita ma ƙoda tana da irin wannan kafa a siraran bututunta, kuma idan aka zaburar da ita, sai ƙwayoyin ƙodar su ƙara karanta umarnin gado na ƙera wani furotin mai suna kulodin-14, wanda ke toshe ratar da kalsiyam ke bi ya koma jini, ya bar shi ya fice cikin fitsari. Ga mai wankin ƙoda, wanda fitsarinsa ya ƙaranta, raguwar sinadarin gaɓoɓin maƙoshin nan ce babbar silar faɗuwar kalsiyam, kuma zugin da mahaifinka ke ji alamarta ce.

Saboda haka wajibi ne ka kai shi wurin likitansa yau, a auna kalsiyam ɗin jininsa, domin ƙarancinsa yana iya rikita bugun zuciya. Ƙa'ida ita ce a auna cikin mako guda bayan fara shan maganin ko canza adadinsa. Ya riƙa haɗiye ƙwayar ɗungurungum tare da abinci, ya kuma nisanci baƙin lemon kwalba saboda fosfat ɗinsa. Kada ku ƙara ko ku rage da ra'ayinku. Allah ya ba shi lafiya.