Darasi na Bakwai: Cocin San Agustin na Paoay

7.1 Gabatarwa

Ba a takardu kaɗai masana tarihi suke neman labarin al'umma ba. Ganuwa da kushewa da wuraren ibada duk shaidu ne, domin wanda ya iya kallon gini yana iya gano wanda ya ba da umarnin yin sa, da kuma waɗanda suka ɗauki kayan aikin a ka. A wannan darasi za a nazarci wani cocin ɗarikar Katolika da ke garin Paoay, a lardin Ilocos Norte, arewacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin. An gina shi ne a zamanin mulkin mallakar Sifaniyawa. Ana so ɗalibi ya lura da yadda yanayin ƙasa ya tilasta wa magina sauya tsarin da suka zo da shi daga Turai, sannan ya kula da kalmomin da Hausa take amfani da su wajen siffanta babban gini.

7.2 Yadda Aka Kafa Cocin

A shekarar 1565 Miguel Lopez de Legazpi ya sauka a tsibirin Cebu, ya kafa mulkin Sifaniya, wanda ya ɗore har zuwa 1898. Tare da shi akwai limaman Kirista na ƙungiyar Agustinawa, wato mabiya tafarkin Waliyyi Agustin, kuma su ne suka yi aikin yaɗa addinin a yankin Ilocos bayan da Juan de Salcedo ya isa can a 1572.

Mutanen ƙasar a warwatse suke zaune, wasu a bakin teku, wasu a gonaki. Wannan bai yi wa masu mulki daɗi ba, domin da wuya a karɓi haraji ko a yi wa'azi ga jama'ar da ba ta taru wuri ɗaya ba. Saboda haka aka riƙa tattaro su a kafa gari, a tsakiyarsa a yi dandali, a gefen dandalin kuma a gina coci da gidan limami, ta yadda kowa zai zauna inda yake jin amon ƙararrawa. Cocin gunduma ke nan, wato cocin da limami guda yake kula da shi da jama'ar da ke kewaye da shi. A nan ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, shi ya sa limami ya zama mai faɗa a ji a gari, sau da yawa ma shi kaɗai ne Bature a wurin.

Wani limami Ba'agustine mai suna Antonio Estavillo ne ya fara ginin cocin Paoay na yanzu a shekarar 1694, aka kammala shi a 1710. Sunan limamin ya wanzu a tarihi, amma na maginan bai wanzu ba. Abin da aka sani shi ne, a wancan zamani akwai dokar aikin tilas da ake kira polo, wadda ta wajabta wa maza daga shekara 16 zuwa 60 yin aikin kwana 40 a kowace shekara, sai a 1884 aka rage zuwa kwana 15. Da irin wannan aiki aka yi hanyoyi da gadoji da jiragen ruwa da kuma coci-coci masu yawa a ƙasar. Bai kamata malami ya tsallake wannan batu ba idan yana koyar da tarihin irin waɗannan gine-gine.

7.3 Tsarin Ginin

Salon ginin da ake yayi a Turai a lokacin shi ne Barok, wanda ya samo asali daga Italiya. An san shi da yawan ado da lanƙwashe-lanƙwashe da manyan ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi manne da jikin coci. To amma Filifin tana kan zoben da ya kewaye tekun Fasifik ne, inda girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu ba baƙon abu ba ne. Girgizar da aka yi a Manila a 1645 ta rushe gine-ginen dutse masu yawan gaske, ta kuma koya wa magina cewa dogon gini mai siririn bango ba ya kai labari a wannan ƙasa. Daga nan aka koma yin coci gajere mai faɗi, mai kaurin bango. Masana suna kiran wannan salo Barok na girgizar ƙasa, kuma cocin Paoay yana cikin fitattun misalansa.

Abin da ya fi jan ido a jikinsa shi ne madogaran bango guda 24 da aka jera a ɓangarorinsa biyu da bayansa, kaurin kowanne ya haura mita ɗaya da rabi. Madogari gini ne da ake jinginawa a jikin bango daga waje don ya tokare shi. Idan ƙasa ta girgiza, gini yakan yi tangaɗi ne gefe da gefe, nauyin rufi kuma yana tura bango waje. Madogarin ne yake karɓar wannan turi ya sauke shi ƙasa. Shi ya sa aka yi su da faɗin gindi, suna tsukewa sannu a hankali zuwa sama. Maginan ba su bar su haka gayansu ba, sun yi musu zane mai naɗewa kamar bayan dodon koɗi, sun kuma ɗora musu ƙananan tsinaye masu kama da zankwaye. Wasu daga cikinsu ma an yi su da matakala, ana iya hawa a kai ga rufi. Ke nan abin da larura ta kawo shi ne ya zama adon ginin.

Kayan aikin kuwa duk na gida ne. An yi amfani da manyan duwatsun murjani da aka sassaƙo daga teku, da jan bulo da aka gasa. Kwaɓin da ya haɗa su na farar ƙasa ne da yashi, kuma ana ruwaito cewa an zuba masa ruwan rake don ya ƙara danƙo. Fuskar cocin kamar wani ƙaton dala take, mai faɗi a ƙasa, mai tsini a sama. Ƙasanta ba ado sosai, sai a sama ne ake ganin ƙananan alkuki da zanen furanni da tambarin Agustinawa. Masu nazari sukan hango salon Gotik na Turai a tsinayenta, wasu kuma sukan kwatanta siffarta da wuraren ibadar tsibirin Java, irin su Borobudur.

7.4 Hasumiyar Ƙararrawa

Hasumiyar mai hawa uku ce, da dutsen murjani aka yi ta, kuma an aza harsashinta a 1793, shekara 83 bayan kammala cocin. Ba ta manne da jikinsa ba, an ba ta 'yar tazara, domin idan girgiza ta kayar da ita kada ta faɗa wa masu ibada. Wani abin lura shi ne, hasumiyar da aka gina don kiran jama'a ƙarƙashin ikon Sifaniyawa ita ce 'yan gwagwarmayar neman 'yanci suka mayar wurin tsinkayen abokan gaba a juyin juya halin da aka fara a 1896. Haka ma 'yan sari-ka-noƙe suka yi da ita lokacin da Japan ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu.

Girgizar ƙasa ta taɓa cocin a 1865 da 1885, aka yi masa gyara, amma bai rushe ba. Ba kowane coci ne ya yi wannan sa'a ba: girgizar da aka yi a tsibirin Bohol ranar 15 ga Oktoba, 2013 ta mayar da tsofaffin coci-cocin Loon da Maribojoc tarin duwatsu. Gwamnatin Filifin ta sanya cocin Paoay cikin taskokin al'adun ƙasa a 1973, sannan a 1993 hukumar UNESCO ta shigar da shi jerin kayan tarihi na duniya tare da wasu uku: San Agustin na Manila, da na Santa Maria a Ilocos Sur, da na Miagao a Iloilo. Har yanzu ana ibada a cikinsa.

7.5 Auna Fahimta

1. Ɗalibi ya bayyana aikin madogari a jikin bango, cikin kalmomin da ɗan aji shida na firamare zai fahimta.

2. Me ya sa ake sanin sunan limamin da ya fara ginin, ba a san na maginan ba? A tattauna.

3. A zaɓi wani tsohon gini da ke kusa, a siffanta shi cikin sakin layi biyu, a nuna abin da yanayin wurin ya tilasta wa maginansa.