SAYEN GIDA, DA AIKIN LAUYA A CIKINSA

Ya kai mai karatu, in Allah ya hore maka abin hannu har ka yi niyyar sayen gida ko fili a birni, tsaya tukuna ka san abin da za ka saya. Cikin shekarar 1910 Turawa suka yi doka, suka sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin hannun Gwamna, shi ke riƙe da ita saboda amfanin 'yan ƙasa. Aka sabunta dokan nan cikin 1916, aka sake ta cikin 1962. Sa'an nan cikin 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka yi Dokar Amfani da Ƙasa wadda ta game Nijeriya duka, ita ce kuwa ke ci har yau. Bisa ga dokan nan, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnanta. Abin da talaka ke da shi izini ne na zama da mora, galibi na shekara 99, takardar shaidarsa kuwa ita ce mutane ke kira C of O. Filayen ƙauye suna hannun ƙaramar hukuma, na Abuja kuwa suna hannun Ministan birnin.

To, ashe in ka sayi gida, izinin nan ne ke tashi daga hannun wani ya komo naka, ba ya kuwa tashi sai da yardar Gwamna. Cinikin da aka yi ba da yardarsa ba, doka ta ce banza ne. Kada ka ɗauki wannan da wasa. Cikin 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'a tsakanin Savannah Bank da wani mai suna Ajilo, wanda ya jinginar da gidansa na Legas don a ba da rance. Da bankin ya tashi sayad da gidan, aka duba aka ga ba a nemi yardar Gwamna ba, sai kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba. In banki mai lauyoyi da yawa ya fāɗa ramin nan, ina kai?

Saboda haka a ke neman lauya. Amma akwai lokacin nemansa, watau tun kuɗinka na aljihunka, tun ba ka ba da ko kafin alƙalami ba. Mutanenmu da yawa ba su tuna da lauya sai sammaci ya zo, sa'an nan kuwa aikinsa ya zama na kotu, mai tsada, mai cin shekaru.

Ba kowane mai baƙar kwat ne lauya ba. Lauya na gaske shi ne wanda ya gama karatun shari'a a jami'a, ya shiga Makarantar Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas cikin 1962, tana da reshe a Bagauda ta ƙasar Kano, kana aka rubuta sunansa cikin littafin lauyoyi a Kotun Ƙoli. Tun 1915 akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, zan zo kanta. Tun 2015 kuma kowane lauya na manna hatimin ƙungiyar lauyoyi, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, a kan takardar da ya rubuta. Ka duba hatimin nan. Ka je ofishinsa da ƙafarka, ka tambayi waɗanda ya yi wa aikin gidaje a garin. Wani lauya gwani ne wajen kare mai laifi gaban alƙali, amma bai san ƙofar ofishin filaye ba. Ku yi jinga tun farko, a rubuta, ka san ladansa da kuɗin da zai biya Gwamnati da sunanka, kowanne dabam. Lauyan da ya ci amana ana iya kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtad da lauyoyi, har a soke sunansa daga littafin.

Abu guda zan nanata maka. Dillali zai ce maka kada ka wahal da kanka, ai mai gida na da lauya, shi zai rubuta muku duka. Kada ka yarda. Dillali la'adarsa ya ke nema, ba ta kuwa fitowa sai ciniki ya faɗa. Lauyan mai sayarwa kuma, ko da mutumin kirki ne, ba kai ka ɗauke shi ba. Ka nemi naka.

Babban aikin lauyanka bincike ne. Zai tafi ofishin filaye, a Kano ana ce da shi KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, ya sa a buɗe fayil ɗin gidan. Nan zai ga ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, ko gidan na jingine a banki, ko an daɗe ba a biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara ba, ko kuwa Gwamnati ta riga ta soke izinin don za ta fid da hanya ko makaranta. In ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ta kan biya. Zai kuma sa safiyo ya gwada taswira da turakun simintin da ke kusurwoyin filin, kada a nuna maka wuri guda, takarda na faɗin wani. Kai ma kada ka zauna: ka tafi wurin mai unguwa da maƙwabta, gama su kan san rigimar da ba ta shiga fayil ba. Wanda ya biya kafin wannan duka, cinikin biri a sama ya yi.

Gidan gado ya fi kowane haɗari. Sau da yawa babban wa ya kan sayar, alhali ba a raba ba, akwai mata da marayu a ciki, ko wani ɗan'uwa na ƙasar Makka. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun alƙali, ko kuwa magada duka su sa hannu. Ka san kuma akwai shufa'a cikin shari'ar Malikiyya: in mutum ya sayad da rabonsa cikin gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da ikon biyanka kuɗinka ya karɓe. Mai Risala ya ce haƙƙin nan na faɗuwa bayan shekara ga wanda ke gari, amma matafiyi yana kan haƙƙinsa ko ya daɗe.

In bincike ya fita lafiya, lauya zai rubuta takardar sayarwa. Yanzu da ka iya karatu, karanta ta da kanka, sannu sannu. In da Turanci ta ke, a fassara maka layi layi. In mai sayarwa bai iya karatu ba, dokan nan da na ambata ta ce tilas marubucin takarda ya sa sunansa da mazauninsa, ya shaida an karanta wa mutumin, ya gane, kafin ya dangwala yatsa. In an bar wannan, gobe yana iya cewa bai san abin da ya dangwala ba. Ka biya ta banki, gaban shaidu, ka karɓi rasit da takardun gidan na asali, ba hotonsu ba.

In kai ne mai sayarwa, kada ka saki takardun asali ko makulli sai kuɗi sun cika a asusunka. In da 'yan haya a ciki, ka faɗi tun farko.

Bayan biya akwai sauran tafiya: neman yardar Gwamna, da biyan kuɗin kan sarki, da yin rajistar takardar a ofishin filaye. Ya kan ɗauki watanni, kuɗinsa kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Nan ne masu saye da yawa ke gajiya, su jefa takarda cikin adaka, sunan tsohon mai gida na nan cikin fayil, har ya iya sake sayarwa ga wani. Ka riƙa leƙa lauyanka har ran da takarda ta fito da lambar rajista a jikinta.