Yadda Ake Haɗa Zaman Ƙara wa Juna Sani na Masu Koyar da Kiɗa

Daga Fagge zuwa Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, ƙaramar hukumarsu ma ɗaya, amma masu koyar da kiɗa a unguwannin biyu ba su cika sanin juna ba. Ga jagoran mawaƙan coci a Sabon Gari yana koyar da do-re-mi a kan allo. Ga makaɗin kalangu da ya gaji sana'ar, yaransa da kunne suke ɗauka. Ga mai fiyano a situdiyo yana haɗa kiɗan fim. Ga kuma malamar firamare da aka ɗora wa darasin al'adu da fasaha, wanda ake kira CCA, alhali ba ta taɓa riƙe makaɗi ba. Abin da ɗaya ya rasa yana hannun ɗaya. In kana son tara su, ga yadda za ka bi.

Fara da ƙafarka, kada ka fara da takarda. Dattijon makaɗi ba a gayyatarsa da saƙon waya. Ka je gidansa, ka gaishe shi, ka ce: "Baba, mun zo neman ilimi ne a wurinka." Wannan kalmar tana da nauyi, domin an daɗe ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi, ba a kiransa malami. Jagoran mawaƙan coci kuwa, ka bi ta hannun fastonsa ko fadansa. Mutum goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa zaman farko. In suka fi haka, wasu kallo kawai za su yi.

Sai wuri. Ka nemi aji a wata makaranta, inda Musulmi da Kirista za su shiga ba tare da ɗar-ɗar ba. In ta gwamnati ce, ka nemi izinin hedimasta da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Fagge, ka kuma sanar da mai unguwa, tunda ƙarar ganga ba ta ɓuya. Ka tanadi ƙaramin janareta saboda fiyano.

Ranar ma sai an yi lissafi. Juma'a ta fita, Lahadi ta fita. Asabar ce ta rage, daga hantsi zuwa azahar, domin da yamma mawaƙan coci suna gwaji, makaɗa kuma suna wuraren biki. Ka kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli, ka kauce wa watan azumi da makon Kirsimeti.

Yanzu ga inda yawancin taruka ke lalacewa: jawabi. Babban baƙo, uban taro, shugaban taro, kafin a taɓa ganga rana ta take. Ka bar duk wannan. A gaisa, kowa ya faɗi sunansa da abin da yake koyarwa, shi ke nan. Daga nan kowane malami a ba shi minti ashirin, sauran su zama ɗalibansa, ya koya musu abu guda tak, yadda yake koya wa yaro ranar farko.

A ganina makaɗin kalangu ya kamata ya buɗe. Ya nuna yadda ake matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, a sassauta ya sauka, da yadda hakan ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ganga ta faɗi sunan mutum. Ya kaɗa sunan wani a cikin ajin, a ga wa zai gane. Da kalangu Mamman Shata ya yi tashe har ya rasu a 1999, amma yara da yawa a Kano ba su san me ya sa kalangu yake magana ba. Bayan nan sai jagoran mawaƙan coci ya tashi, ya rubuta a allo da do-re-mi abin da dattijon ya kaɗa yanzu. Nan ne zaman ke yin daɗi. Za a ga inda rubutun ya kama, a ga kuma inda ya gaza, domin kalangu yakan zame tsakanin sauti biyu, wurin da fiyano ba ta da maɓalli. Kada ka hana gardamar da za ta taso, ita aka zo nema.

Mai situdiyo ya nuna yadda yake ɗora kiɗa a kan kiɗa, da yadda ake ɗaukar muryar yara da wayar hannu ba tare da hayaniya ta cinye ta ba.

Rabin awa na ƙarshe na malamar firamare ne, domin ita ce ke da yara mafi yawa da kayan aiki mafi ƙaranci. Ta faɗi matsalarta ƙarara: aji cike, ba ganga ko ɗaya. Sai a taru a tsara mata darasi guda da tafi, da ƙwarya, da gwangwani mai tsakuwa, da salon bayarwa da amshi irin na gaɗa, wanda 'yan mata suka riga suka sani daga dandali. A gwada shi nan take, manya su zauna a matsayin yara.

Batun harshe, a bar kowa ya yi da wanda ya fi sakewa, Hausa ko Turanci ko Buroka, a sa mutum ɗaya yana fassarawa. Batun kuɗi kuma, a yi karo-karo na ruwa da man janareta, a ware kuɗin mota mai kauri ga makaɗin gargajiya, don shi ba albashi gare shi ba, yininsa ya bari ya zo. Kada a ɗauki bidiyon kowa sai da yardarsa.

Kafin a watse, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai gwada da ɗalibansa, a rubuta. A buɗe zauren WhatsApp, wanda ba ya amfani da shi a ɗora wa wani alhakin kai masa saƙo da baki. A tsayar da ranar zama na gaba, bayan mako shida, kuma a buɗe shi da malamar firamare, ta faɗi yadda yara suka karɓi darasin ƙwaryar.