Kada ki zubar da burodin shekaranjiya

'Yata, ranar da na leƙo gidanki na hango rabin burodi a kwandon shara, ɓawon albasa a kansa. Ban yi magana ba saboda kina da baƙi, amma abin ya tsaya mini a rai har na isa gida. Na san burodin nan. Ke kika kwaɓa shi da hannunki, kika aiko mini da guda, na ci na sa miki albarka. Fulawar da ke cikinsa kuwa ta sha tafiya, don yawancin alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga ƙetare jirgin ruwa ke kawo ta, kafin mota ta hauro da buhun har Suleja. Ga yis, ga sukari, ga gajiyar hannunki.

Ki fara sanin bambancin burodin da ya bushe da wanda ya lalace. In kin ga funfuna, ko ɗigo ɗaya ne, fari ko kore ko baƙi, ko kin ji yana wani wari, to wannan ya tafi. Kada ki yanke wurin ki ba yara sauran, domin saiwar funfuna takan ratsa ciki inda ido ba ya gani. Da damina, yadda garin nan yake da laima, kwana biyu zuwa uku sun isa hakan ta faru, musamman burodin gida da ba a sa masa maganin hana lalacewa. Amma wanda ya yi tauri kawai, kamar yadda yake yi da hunturu, lafiyarsa lau. Sitacin cikinsa ne ya ɗaure bayan ya huce. Shi ya sa ma firij ba ya taimakonsa, sanyin sai ya ƙara masa saurin tauri, sai dai ki sa shi inda zai daskare.

Wannan mai taurin shi ake so. Sabon burodi ba ya yankuwa fale-fale, wuƙa na taɓa shi sai ya lotse. Na kwana biyu kuwa tsaye yake. Ki wasa wuƙarki, ki riƙa jan ta a hankali kamar mai zarto, kowane yanki kada kaurinsa ya kai rabin ƙaramin yatsanki. Ki narka bota ko man shanu, ki shafa kaɗan, yadda zai ɗan yi ƙyalli kawai. In mai ya yi yawa jiƙewa zai yi, ba zai yi garas-garas ba. Sai ki haɗa sukari cokali uku da garin kirfa rabin ƙaramin cokali ki barbaɗa a fuska ɗaya. Ni na fi son citta da ɗan kanumfari, don sun fi shiga da shayi.

Sauran aikin duk na wuta ne, kuma a nan 'yan mata ke faɗuwa. Ba toyawa za ki yi ba, ruwan da ya rage a cikinsa za ki kora. Garin nan ya san wannan sirri tun ana ce masa Abuja. A nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga makarantar ginin tukwane a 1954, kuma duk maginiya za ta gaya miki ba a afka wa tukunya da wuta gaba ɗaya. Sai ta sha iska, ta ji ɗumi sannu a hankali, in ba haka ba ta fashe. Burodi ba zai fashe ba, amma sukarin zai ƙone ya yi ɗaci alhali ciki da sauran laushi.

In obin gare ki, ki sa shi kan 150, ki ba shi minti 15 zuwa 20, ki juya sau ɗaya. In an ɗauke wuta, ga tukunyar yashi da muka saba. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki aza duwatsu uku, ki bari ta yi zafi a kan gawayin da ya riga ya faɗa, sannan ki ɗora farantin. Kada ki rufe murfin ruf. Ki bar 'yar kafa tururi ya fita, in ba haka ba zai taru a murfi ya ɗigo masa. Kuma ki tsaya a wurin. Na taɓa tashi amsa sallama, kafin na dawo faranti guda ya zama gawayi, ranar har ƙwalla na yi don ba ni da wani sukarin.

Idan gefensa ya yi launin zuma ki sauke. Za ki taɓa ki ji kamar bai gama ba, kada ki mayar. Ki baza shi a tire ya huce sarai, a nan yake ƙarasa bushewa, ki karya ki ji ƙas. Sannan ki zuba a kwalba ko roba mai murfi mai kamawa. Zai yi miki mako lafiya, in da damina ya saki ki sake ɗumama shi kaɗan.

Maigidanki da ke sammako bayan asuba don ya wuce Madalla da Zuba kafin hanya ta cushe, ki ƙulla masa biyar a leda ya sha shayi da su a wurin aiki. Yara ma su tafi makaranta da shi maimakon kuɗin biskit. Mutanen Indiya da Pakistan irinsa suke tsomawa a shayi, har a kanti ake sayar musu.

Ranar Juma'a in za ki zo, ki taho da duk ragowar da kika tara mu yi tare. Ina da gawayi da yashi. Kirfa ce ta ƙare mini, ki biya kasuwar IBB ki sayo.