Daga Ƙwai Zuwa Haihuwa: Nazarin Hayayyafar Dangin Ƙadangare Daga Yankin Gwandu da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda wasu daga cikin dangin ƙadangare suka bar saka ƙwai suka koma haihuwa. An ɗora nazarin a kan dabbobin da aka saba gani a Wurogauri da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, sannan aka kwatanta su da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Maƙalar ta nuna cewa ƙwai da haihuwa zanguna ne a kan hanya ɗaya, kuma zafin ƙasa yana da hannu a zangon da kowane nau'i ya tsaya.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya kasa dabbobi gida biyu ta fuskar hayayyafa: masu ƙwai su saka su ƙyanƙyashe, masu ciki su haihu. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida a littattafan Larabci mai cewa duk dabbar da kunnenta ya fito waje haihuwa take yi, wadda kuwa kunnenta rami ne kawai ƙwai take sakawa. Ƙa'idar ta dace da akuya da kaza, amma kasa ta karya ta. Macijiya ce, ba ta da kunne a waje, duk da haka takan haifi 'ya'ya gommai a ciki ɗaya. A ilimin halittu, macizai reshe ne na dangin ƙadangare, kuma kusan kashi 20 cikin 100 na nau'o'in wannan babban dangi haihuwa suke yi. Ƙididdigar masani Daniel Blackburn ta nuna cewa haihuwa ta ɓulla a cikinsu daban-daban fiye da sau 100, alhali a dabbobi masu shayarwa sau ɗaya ta faru.

2.0 Abin da Ake Gani a Gwandu da Kalgo

Sanannun dangin ƙadangare na wannan yanki masu ƙwai ne. Macen ƙadangare takan tona rami a ƙasa mai danshi, galibi da saukar damina, ta zuba ƙwai ta rufe, ta bar wa rana sauran aiki. Tsaka takan ɓoye ƙwai biyu masu taurin ɓawo a tsagar bango. Hawainiya da damo binnewa suke yi. Guza kuwa takan fasa suri ta saka ƙwanta, gara ta liƙe wurin, ƙwan ya sami ɗumi da danshi har ya ƙyanƙyashe. Kulɓa mai zane biyar a gadon baya ita ma ƙwai take yi, sai dai a danginta ne aka fi samun masu haihuwa. Wata 'yar'uwarta, Chalcides ocellatus, da ake samu a Nijar da ƙasashen Afirka ta Arewa, haihuwa take yi.

3.0 Zangunan Sauyi

Mabuɗin fahimtar al'amarin shi ne, yawancin ƙadangaru masu ƙwai ba sa sakin ƙwai da wuri kamar kaza. Ɗan tayi yakan ci kusan sulusin girmansa a cikin uwa kafin a saka shi. Ke nan riƙon ciki ya riga ya soma, kuma daga nan masana suka zana zanguna kamar haka:

Na farko, riƙon ƙwai ya ƙara tsawo, har ya kai ana saka shi saura kwanaki kaɗan ya fashe.

Na biyu, ɓawo ya yi ta raguwa har ya zama tantani. Dalili kuwa, ɓawo mai kauri yana hana ɗan tayi shan iska da ruwa daga jikin uwa.

Na uku, jijiyoyin jini su ƙaru a mahaifa, a sami mabiyiya. Da yake ɓawo ne ke ba ɗan tayi wani kaso na sinadarin kalshiyam da ke gina ƙashi, idan ɓawo ya tafi sai uwa ta ɗauki wannan nauyi.

A yawancin masu haihuwa, ciki har da kasa, gwaiduwa ce har yanzu abincin ɗan tayi, kuma ana haihuwar sa a cikin tantanin da zai yage da kansa. Kaɗan ne suka kai zangon ƙarshe. Kulɓar Mabuya ta Kudancin Amurka, wadda kakanninta daga Afirka suka fito, ƙwan cikinta bai wuce kusan milimita ɗaya ba, kuma kusan duk abincin ɗanta ta mabiyiya yake zuwa, tamkar na akuya.

4.0 Nau'o'in da ke Tsakiyar Hanya

Hujja mafi ƙarfi tana ga nau'o'in da suka haɗa hanyoyin biyu. Zootoca vivipara ta Turai haihuwa take yi a yawancin wuraren da take, har can arewa mai ƙanƙara, amma a tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifen ƙwai take sakawa. A kudancin Ostiriya, inda masu ƙwai da masu haihuwa suke haɗuwa su yi barbara, 'ya'yan gaurayen sukan saka ƙwai mai siririn ɓawo wanda ɗan cikinsa ya riga ya yi nisa. A Ostareliya kuma, kulɓar Saiphos equalis ƙwai take yi a kusa da birnin Sidni, amma a tuddai masu sanyi na arewacin jihar haihuwa take yi. A shekarar 2019, masu bincike a Jami'ar Sidni suka ba da rahoton wata mace ɗaya da ta saka ƙwai uku, bayan wasu makonni ta haifi ɗa mai rai daga ciki ɗaya.

5.0 Dalilin Sauyi

Ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne na sanyi. Inda ƙasa ba ta da ɗumin da zai nuna ƙwai, uwar da ta riƙe shi a ciki tana iya bin hantsi da shi, ta zama sheƙa mai tafiya. Shi ya sa masu haihuwa suka fi yawa a tsaunuka da ƙasashen sanyi. Hawainiyar Kebbi ƙwai take yi, amma mai ƙaho uku ta tuddan Kenya haihuwa take yi. A shekarar 1995 Richard Shine ya faɗaɗa ra'ayin, ya ce ribar tana cikin ikon uwa na daidaita zafin da ɗan tayi ke samu, ko a sanyi ko a zafi. Tasirin zafin sheƙa kuwa a Afirka ta Yamma aka fara gano ɗaya daga cikin manyan alamunsa: a shekarar 1966, Madeleine Charnier ta Jami'ar Dakar ta nuna cewa zafin da ƙwan ƙadangare ya samu yana shafar ko namiji zai fito ko mace.

Riƙon ciki yana da tsada. Mai ciki takan yi nauyi, gudunta ya ragu, shaho ko maciji ya same ta cikin sauƙi, kuma idan ta mutu duk 'ya'yan sun tafi tare da ita. Mai ƙwai kuwa tana iya sake zubi a damina ɗaya. A yankin Gwandu da Kalgo, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙasa na yi wa uwa kwanci kyauta, don haka babu ribar da za ta biya wannan tsada. Kasa kuwa gado ta ci, domin haihuwa ta riga ta kafu a danginta na Bitis baki ɗaya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rabon gida biyu da harshe ya gada bai wadatar da dangin ƙadangare ba. Masu fassara kimiyya da marubuta littattafan makaranta suna bukatar aƙalla kalmomi uku: mai ƙwai, kamar damo, mai haihuwar gwaiduwa, kamar kasa, da mai haihuwar mabiyiya, kamar Mabuya. Akwai kuma aikin da ke jiran manazarta Hausa, wato tattara abin da manoma da mafarauta da masunta na fadamun Kebbi suka sani game da sheƙar guza da lokacin haihuwar kasa, da kalmomin da suke bayyana su da su a karin harshen yamma, kafin masu wannan sani su ƙare.