Yadda ake duba aiki da saƙala ƙari a cikin Gradle ba tare da kuskure ba

Duk manhajar Android da ke cikin waya sai da aka harhaɗa ta ta zama fayil na APK, kuma a Android Studio, Gradle ne ke wannan harhaɗawar. Yana karanta fayil ɗin build.gradle, ya raba ginin zuwa ƙananan ayyuka masu suna, irin su assembleDebug da assembleRelease. Mai manhaja yana iya saƙala nasa aikin a jikin ɗaya daga cikinsu, misali a kwafe APK zuwa wata folda da zarar an gama gini.

A ce an riga an rubuta aikin kwafewar, an sa masa suna kwafiApk. Abin da mai koyo yakan fara rubutawa shi ne:

```
def aiki = tasks.findByName("assembleRelease")
if (aiki != null) {
    aiki.finalizedBy("kwafiApk")
}
```

A ido babu laifi: an duba ko aikin yana nan kafin a taɓa shi. Sai dai kwafewar ba za ta taɓa faruwa ba. Gradle yana tafiya ne mataki uku: shiri, tsara ayyuka, sannan aiwatarwa. Bangaren Android ba ya ƙirƙiro assembleRelease sai ya gama karanta build.gradle tun daga sama har ƙasa, domin sai a lokacin yake sanin nau'ukan ginin da ake so. Ke nan a lokacin da layin findByName ya yi tambaya, aikin bai wanzu ba tukuna. Amsa ta dawo null, aka tsallake abin da ke cikin if, allo ya nuna BUILD SUCCESSFUL.

Nan haɗarin yake. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Tsohon APK na makon jiya yana zaune a foldar, a ɗauka a tura wa mai aiki, shi kuma ya dawo yana cewa ba a gyara komai ba. Da tasks.named aka yi amfani da shi, da ginin ya tsaya ya faɗi cewa bai san wannan suna ba, kuma wannan tsayawar ta fi shirun alheri nesa ba kusa ba.

Gyaran shi ne a daina tambaya sau ɗaya, a bar saƙo yana jira:

```
tasks.configureEach { aiki ->
    if (aiki.name == "assembleRelease") {
        aiki.finalizedBy("kwafiApk")
    }
}
```

configureEach, wanda ya zo da Gradle 4.9 a shekarar 2018, yana shafar ayyukan da ke nan da waɗanda za a ƙirƙiro daga baya. Wasu sukan nannaɗe tsohon rubutun a cikin afterEvaluate. Yana yi, amma idan irinsa suka yi yawa, sanin wanda ke riga wani sai ya zama ciwon kai.

A lura, finalizedBy yana gudana ko da aikin da aka saƙala masa ya gaza, don haka ya fi dacewa da shara da rahoto. Idan ana son kwafewa bayan gini mai kyau kaɗai, sai a juya abin: a cikin kwafiApk a rubuta dependsOn("assembleRelease"), a riƙa kiran kwafiApk kai tsaye. Sunan da aka bayar a haka ba a nemansa sai an gama tsara ayyuka, saboda haka babu buƙatar dubawa ma.

Manhaja mai nau'i biyu, free da paid, tana samun ƙarin sunaye kamar assembleFreeRelease, kuma abin da aka saƙala wa assembleRelease ba ya bin wannan. Umarnin ./gradlew tasks --all yana fito da sunayen duka. Kafin a amince da kowane ƙari, a gwada ./gradlew assembleRelease --dry-run, wanda ke jero ayyukan da za su gudana ba tare da gudanar da su ba. Idan kwafiApk bai fito a jerin ba, bai saƙalu ba.