Yaron da Ke Tangaɗi Bayan Sanƙarau, a Duba Kunnensa

Watannin zafi lokacin sanƙarau ne a ƙasar Katsina, mu masu gwajin kunne kuwa bayan saukar damina muke fara ganin ragowarsa. Zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, an sallami yaro, kowa ya yi hamdala. Sai a koma gida a ga yana tafiya yana ware ƙafafu, magariba na yi sai dafa bango. Iyayen da ke zuwa mana daga Batsari, Ruma, Safana da Runka bakinsu kusan ɗaya ne: "Jinya ce ta ci ƙafar, zai warware." Wasu su ce iska ce. Da wuya ka ji wanda ya zargi kunne.

Alhali can cikin ƙashi, bayan dodon kunne, akwai gaɓoɓi biyu da ruwa ɗaya ke ratsa su. Ɗaya mai siffar katantanwa, ita ke ji. Ɗayar bututu uku ne masu lanƙwasa da 'yan jakunkuna biyu, su ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Sanƙarau kan lalata duka biyun. Da rana ido na rufa wa yaron asiri, amma duhu na yi, ko ya taka yashin rafi, sai ƙafa ta rasa mai yi mata jagora. Ƙaramin yaro kuma ba ya cewa jiri yake ji. Maƙale wa uwarsa yake yi, ya yi amai, ya ƙi gudu.

Gwajin farko ba ya bukatar lantarki. Nakan tambayi uwa yaushe wuyansa ya tsaya, yaushe ya zauna, yaushe ya taka. Wanda ya haura wata 18 bai taka ba, a duba kunnensa tare da ƙafarsa. Ɗan shekara 5 kan iya tsayawa da ƙafa ɗaya kamar daƙiƙa 10. Sai in ce ya rufe ido. Mai lafiya zai ɗan yi rangaji ya riƙe kansa, wanda cikin kunnensa ya lalace take yake kifewa. Daga nan in riƙe kansa, ya zuba wa hancina ido, in juya kan kaɗan da sauri. Idan idon ya bi kan ya tafi sannan ya dawo, bututun ɓangaren da na juya kan ba ya aiki. Wannan kam aikin wanda aka horar ne, kada a gwada a gida.

Akwai kuma tsohon gwajin zuba ruwan ɗumi da na sanyi a kunne ana kallon rawar ido, wanda Robert Bárány, da ya ci kyautar Nobel ta 1914, ya fito da shi. Yana sa jiri, ƙanana ba sa jure shi, shi ya sa a inda ake da kujera mai juyawa akan zaunar da yaro a cinyar uwarsa a juya su tare.

Abin da ya fi damuna allura ce. Rashin tsaro a ƙauyukan bakin Dajin Rugu ya sa mai kemis ya zama likitan gari, allurar jentamaisin kuma tana da araha. Magani ne mai ceton rai a hannun likita, amma idan aka wuce kima ko aka daɗe ana yi tana kashe gashin da ke cikin waɗannan bututun, kuma ba ya sake tsirowa. Yaro na iya ci gaba da ji sarai, tafiyar ce ta lalace.

Bayan sanƙarau katantanwar kunne kan fara zama ƙashi cikin 'yan makonni, abin da ke wahalar da dashen na'urar ji daga baya. Don haka kada a jira kaka a sayar da amfanin gona. A nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A taho da katin jinya da kwalin duk allurar da aka yi masa, ko ta kemis ce. Ba faɗa za mu yi ba, sunan maganin muke nema.